Ba Rigar Inna Ce Ta Kashe Talabijin Ba

Akwai wata magana da ake yi a gidan nan wadda nake so ta riga ni mutuwa, kuma saboda ita na ware wannan babi. Duk abin da ya lalace a hannun ɗayanku, waya ce ko fanka ko firji, sai wani ya kada baki ya ce, "Hala Inna ta yi mishi riga?" Sai a kwashe da dariya. Kai Bello da ke Hadiza, ku kuka fara ta, ƙannenku suka ɗauka, yanzu har ta kai bakin jikoki. Mahaifiyarku Hajiya Asma'u ta yi shekara shida tana jin maganar nan tana murmushi, har ta koma ga Mahaliccinta ba a daina ba. Ni kuwa, Umaru mai gyaran rediyo da talabijin, da na fi kowa sanin ƙarya ce, ina zaune ake yi, wani lokacin har da ni a dariyar. Ba rigar da ta saƙa ce ta kashe talabijin ɗin nan ba, ni ne. Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, don sai kun san sana'ar za ku gane yadda dattijo da furfurarsa ya yi wannan aika-aika.

A Argungu na koyi aiki, a rumfar wani tsoho kusa da kasuwa. Da rediyo na fara, shi ya sa har yau ake ce mini Umaru Rediyo, talabijin kuwa a kan benci ta same ni. Yaran yanzu ba su san irin ta da ba, mai ƙeya, wadda sai ƙato biyu sun yi nishi kafin ta tashi daga ƙasa. Idan ka kwance bayanta komai a sarari yake, kowane abu da mazauninsa, kuma hannunka yana shiga ko'ina. Ka bi da mita, ka ɗan shinshina, sau da yawa hancinka ne zai kai ka inda ya ƙone. Ka cire wani ɗan abu bai fi ƙwayar wake ba, ka sa sabo, ka ɗiga dalma, sai ta yi gyaran murya ta farka. Waɗanda suka ƙera ta sun san wata rana wani zai buɗe, don haka suka bar masa hanya, wasu har taswirar cikinta suke haɗo maka. A lokacin idan mutum ya sayi talabijin ya gama saye ke nan, sai dai magada su yi shawarar wanda zai ɗauka.

Tamu ta gida a hannun wani malamin makaranta na saye ta, da aka yi masa canjin wurin aiki, a shekarar da aka haifi Bello. Tun a lokacin ba sabuwa ba ce. Da aka ba mu jiha ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, na ce inda ma'aikaci yake nan talabijin take, sai muka tattara muka yo nan unguwar Nasarawa. A hanya, daidai Zauro, garin su mahaifiyarku, akori-kurar da ta ɗauko mu ta faɗa rami, igiya ta sake, talabijin ta yi tsalle ta dira a bakin gonar shinkafa. Na ɗora hannu a ka ina salati, mahaifiyarku kuwa ko a jikinta.

"Ƙyale ta, Malam," in ji ta. "Gaida surukai tas sauka yi."

Muka iso, na goge mata laka, na sa a wuta, ta kawo hoto tar kamar ba ita ba. Wannan akwati ya raini dukkanku. Yaran unguwa sun sha cika mana falo har ƙofa don kallon wasan kwaikwayo, tsawa ta taɓa shiga ta eriya ta ƙona mata fis, Hadiza tana rarrafe ta ɗura mata koko ta ramukan baya. Duk ta shanye. A tsawon zamanmu da ita sau huɗu na buɗe ta, kuma ba ta taɓa kwana a buɗe ba.

Ni da mahaifiyarku faɗanmu na kullum ɗaya ne, murfin kwano. Ɗabi'ata ce idan zan kwance inji sai na zuba notunan a murfin kwano don kada su gangara, kuma in na zo mayarwa sai na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, domin mai gyaran da ya rage noti ba mai gyara ba ne. To murafenta nake ɗauka. Ta dafa miya ta nemi abin rufewa, sai ta ɗaga murya daga madafa.

"Malam, dut kwanonina sun koma ba hula saboda kai! Shin shagon naka miya aka dahwawa?"

Ita sana'arta saƙa ce da kwarashi. Ita ta fara yi wa talabijin riga a layinmu, koriya da fararen furanni, ta yi mata shafi da yadi don kada ƙudaje da tsaka su ɓata akwatin. Matan unguwa suka gani suka yaba, kafin a jima duk amaryar da za a kai a Nasarawa, in dai da talabijin a kayan ɗakinta, to da rigar Hajiya Asma'u za ta tafi. Bayan la'asar tsakar gidanmu cike yake da mata da zaren ulu, wannan tana koyo, waccan ta zo zaɓen launi, ana ɓare gyaɗa ana hira. Ku lura da abin da zan faɗa yanzu, don a nan gaskiyar take: ba ta taɓa kunna talabijin da riga a jikinta ba. Matar mai gyara ce, ta san inji ta baya yake shan iska. Kafin ta taɓa makunni sai ta tuɓe rigar gaba ɗaya ta ninke ta ɗora a hannun kujera, in an kashe kuma sai ta dafa ta ji ta huce sannan ta mayar. Duk wadda ta karɓi riga a hannunta sai ta yi mata wannan karatu.

Sannan zamani ya juya, aka shigo da ta bango, wadda kuke ce wa filasma. Ba zan zalunce ta ba, tana da kyau. Hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa, mace ɗaya tana ɗaukarta, kuma ba ta shan wuta. Amma ranar da aka fara kawo mini ɗaya shago na buɗe, sai na ji kamar na shiga gidan da ban san kowa ba. Ɗan allo biyu ne a ciki, kowanne bai fi tafin hannu ba, abubuwan da ke kai ƙanana kamar gero, bakin ƙarfen dalmata ya fi su girma. Ba a gyara su, sai dai a cire allon gaba ɗaya a sa wani, in an samu. In ba a samu ba a jingine ta a bayan ƙofa a sayo sabuwa. Ga wutarmu mai zuwa a fusace ta tafi ba sallama, ga zafin bazarar Kebbi. Shekara biyu, uku, mai tsawon rai huɗu, sai ka ji an ce ta mutu. Tsofaffin kuwa mutane suka daina kawo su gyara, ba don sun lalace ba, sai don an daina yayinsu. Shagona ya koma na fanka da dutsen guga. A majalisarmu ta ƙofar masallaci har tsiya ake mini, wai zamani ya yi mini ritaya ba tare da takarda ba. Ina dariya, amma abin yana cina.

A cikin wannan hali Bello ya zo daga Kaduna da wani faffaɗan kwali, ya kafa mana filasma a bangon falo. Ɗa ya yi abin kirki, mun sa masa albarka. Tsohuwar aka kai ta ɗakin ajiya da koriyar rigarta. Washegari na tarar da mahaifiyarku a kan kujera tana auna sabuwar da taƙi. Kun san ba ta faɗin sunan Bello, ɗan fari ne.

"Abin da yaron ga yas sawo ba shi kwana tsirara gidana," ta ce.

Mako uku ta yi tana saƙar nan, ruwan ƙasa da furanni ruwan ɗorawa, ban taɓa ganin ta yi aikin da ya kai shi kyau ba. Duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata talabijin, sannan a nuna mata rigar.

Shekara biyu da 'yan watanni muka yi da filasmar. Wata rana da hantsi a watan Sha'aban aka kunna, murya tana fita, fuska baƙi ƙirin. Mahaifiyarku ta juyo ta dube ni da irin kallon da take mini shekara da shekaru duk lokacin da wani abu ya tsaya a gidan nan, kallon wadda ta san an gama, tun da Malam yana nan.

"Ka diba ta mana, Malam. Azumi ya matso, ka san ban son tahsiri shi wuce ni."

Na ce zan duba. Na shiga kasuwa wurin samarin da ke gyaran irinsu, na yi ta kewaye-kewaye kamar hira ce ta kawo ni, har na ji abin da nake nema. Suka ce wasu 'yan fitilu ne a bayan gilashin, su ke mutuwa, kuma canza su ba wuya. Wuyar ita ce ɗaga gilashin, don siririn gaske ne, sai mutum biyu, da wata roba mai kama shi. Ciwon ƙarami ne, da na sa ta a keke mai ƙafa uku na kai musu, kafin la'asar an gama. Abin da ya hana ni shi ne a ga Umaru Rediyo rungume da talabijin ya kai wa sa'o'in 'ya'yansa gyara. Na hango majalisa, na hango kallon nan na matata, sai na sayi fitilun na sa a aljihu na ce wani ne ya aiko ni. Girman kai ne, ba shi da wani suna.

A makon Hadiza ta haihu a Argungu, mahaifiyarku ta tafi suna, kwana uku. Ranar da ta tafi, bayan azahar, na sakaya ƙofa, na sauke talabijin na kwantar a kan katifa, na shiga madafa na ɗauko murfin kwano. Bayan ya fita lami lafiya, allunan ma haka, har na fara jin tsohon ƙarfina yana dawowa, ina cewa a raina ashe abin ba komai ba ne. Na iso gilashin. Hannuna ya saba da gilashin tsohuwar talabijin, wanda za ka rungume shi kamar tulu ka aje, sai na sa yatsu a gefe ɗaya na ɗaga. Ƙarar ba ta kai ta karya tsinken tsintsiya ba, ƙas kawai na ji. Na duba, ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga wannan kusurwa ta nufi waccan. Ko a lokacin na san an gama, don gilashin shi ne talabijin ɗin. Ina nan durƙushe har aka kira la'asar. Na mayar da komai, na rataye ta, na sa mata rigarta. Tun da na fara aiki, ranar ce kaɗai ban ƙirga notuna ba.

Da mahaifiyarku ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta hango murfin a gefen kujera.

"Wa yak kawo murhin kwanona hwalo?"

"Ni na. Dabino nic ci."

Ta ɗauka ta duba cikinsa, ta fita da shi. Can ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ita talabijin hwa, ka diba?"

"Ba ta gyaruwa. Haka nan suke, 'yan zamani."

"Allah shi kyauta. To a hiddo muna tsohuwa."

Muka fito da tsohuwar daga ɗakin ajiya, ɓeraye sun yi abin da suka ga dama a kanta. Na goge, na haɗa ta da dikoda, na danna. Ta yi gunjin nan nata, ta ɗauki lokacinta kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, sai ga hoto. Mahaifiyarku ta tafa hannu tana mata kirari, wai ta gida ba ta yaji. A kanta ta kalli tafsiri har ƙarshen azumi. Filasmar tana bango a mace, amma kullum da safe sai ta kakkaɓe mata riga ta gyara mata zama, saboda wanda ya saya.

Ranar Sallah kuka cika gidan. An sauko daga idi, an baza tabarmi a falo, ga tuwon shinkafa, ga kifin da Hadiza ta taho da shi daga Argungu. Mahaifiyarku tana durƙushe tana zuba miya. Bello ya miƙe ya ɗaga rigar filasma ya danna rimot, murya ta fito, hoto babu.

"Baba, mi yas same ta?"

"Mutuwa tay yi," na ce.

"Shekara biyu kacal?" Ya murza rigar da yatsu, ya ji kaurin ulu da shafi, sai ya yi dariya. "Haba Inna! Wagga riga kika sa mata? Ai ko mutum anka sa ma wagga cikin bazara sai ya sume. Baba, kai ka san aikin, ba zahi ka kashe su ba?"

Kowa ya juyo wurina, don a gidan nan in ana zancen inji maganata ce ta ƙarshe. Bello, kada ka ɗora wa kanka laifi idan ka karanta wannan, ka tambayi wanda ya kamata ka tambaya. Kalma uku ta ishe ni, in ce ni na fasa. Ko in ce ba ta kunna ta da riga, wanda kowa a ɗakin zai iya tunawa da an tuna masa. Sai na gyara zama na yi muryar masana.

"Ƙwarai, zahi na kashe su."

Magana ce ta gaskiya a kan kowace talabijin, amma a ɗakin nan ƙarya ce, kuma na san inda za ta faɗa. Falo ya ɗauki dariya. Hadiza ta ce Inna ta yi wa filasma rigar sanyi, wani ya ce a duba ko firji ma an saƙa masa. Mahaifiyarku da ludayi a hannu ta ɗago ta dube ni. Ba ta daɗe ba, bai fi a ja numfashi biyu ba, sannan ta mayar da kai ga tukunya.

"Awo, laihina na," ta ce. "Ku yi haƙuri, mu mutanen da ba mu san kan kayan zamani ba."

Da ta gama rabon abinci ta miƙe ta tuɓe rigar filasma ta ninke, ta ɗauki koriyar ta tsohuwa ma ta haɗa, ta shige ɗaki da su. Bayan magariba, da gida ya yi sauƙi, ta kawo mini tuwo, na yi ta maza na buɗe baki.

"Hajiya, zancen talabijin ɗin ga..."

"Malam, ci tuwonka, shina hucewa."

Na ci tuwona. Kwana biyu bayan Sallah na tsayar da masu sayen jari-bola na ba su gawar filasmar, tun kafin Bello ya yi tunanin a kai ta kasuwa wani ya buɗe ya ga tsagar.

Na zaci a nan abin zai tsaya, dariyar yini ɗaya. Amma maganar da aka yi a gaban surukai da baƙin Sallah ba ta kwana a gida. Unguwa ta ɗauka cewa rigar Hajiya Asma'u tana kashe talabijin, kuma mijinta mai gyara da bakinsa ya tabbatar. Wata maƙwabciya da ta sa a yi wa 'yarta ta aure ta aiko a bar shi kawai, an fasa. Wasu suka tuɓe waɗanda ke gidajensu suka mayar da su matashin zama. Matan la'asar suka riƙa raguwa, yau biyar, gobe biyu, har tsakar gida ya koma na kaji. Kafin babbar Sallah ta tattara kwarashinta da zaren da ya rage ta bayar, ta ce idonta ne ya yi rauni. Matar da ke tsince tsakuwa a shinkafa ba tabarau, wai idonta ya yi rauni. Bayan la'asar sai in gan ta a kan tabarma da hannuwanta a cinya, ba abin da suke yi, hannuwan da ban taɓa ganin sun zauna ba tun tana amarya. Ni kuma a ƙarshen shekarar na rufe shago. Mutane suka yi ta zuwa sallama suna cewa Umaru bai taɓa ɓata kayan kowa ba. Na fita sana'ata da sunana fari tas, ita ta fita tata ana mata dariya.

Bello ya sake sawo wata. Ba wanda ya yi mata riga, tsirara ta zauna a bango tana shan iska son ranta, ba ta cika shekara uku ba ta fara zane-zane ta mutu. Ya sawo ta uku, ita ce wannan da ke bango yanzu, gefe ɗaya ya riga ya dushe. Na maƙwabta ma haka suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, da riga ko babu. Na yi ta jiran wani a cikinku ya ce ashe ba laifin Inna ba ne, don in samu a wanke ta ba tare da na buɗe baki ba. Ba wanda ya ce, domin maganar ta riga ta zama abin wasa, ba a bin diddiginta. Za ku tambaya me ya hana ni magana shekara shida. Da farko kunyar gilashin ce, daga baya kunyar ƙaryar, kuma kowace shekara ta fi ta baya nauyi. Sai na riƙa rarrashin kaina cewa ba ta sani ba, wataƙila ita ma ta yarda cewa rigar tana riƙe zafi bayan an kashe. Kun ji irin tunanin, wai sauƙi nake samu don matata ta yarda da laifin da ba ta yi ba.

Daminar bara Allah ya karɓi abarsa, bayan jinyar kwana tara. Da aka yi arba'in Hadiza ta buɗe akwatin ƙarfen mahaifiyarku don a raba tufafi, ina zaune a bakin gado. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan aurenta, ga rigunan nan biyu a ninke suna ƙamshin turaren wuta. Hadiza ta warware ta filasmar, sai ta ji ƙulli a haɓar shafin, irin wanda mata ke yi a bakin zane. Ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Abin da ya faɗo a tafinta ɗan baƙin noti ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ta yi dariya da hawaye a idonta.

"Inna da aje-aje! Har noti?"

Ni na san notin. Babu irinsa a jikin tsohuwar talabijin, babu a rediyo, babu a fanka. Na bayan filasma ne, wanda ya rage a murfin kwano ranar da ban ƙirga ba. Mahaifiyarku ta gan shi tun ranar da ta dawo daga Argungu, lokacin da nake mata zancen dabino. Ta san na buɗe, ta san abin da ya sa na ɓoye. Da saninta ta yi azumin nan kaf tana kakkaɓe wa gawa riga, da saninta ta dube ni da ludayi a hannu, ta ga mijinta yana nutsewa a gaban 'ya'yansa, ta ce laifinta ne. Ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba, ko a cikin faɗa. Kuma ba ta yar da notin ba. Har yau ban san ko ta ajiye shi ne don wata rana ta nuna mini, ko don ita kanta ta riƙa tunawa ba ta yi komai ba. Hadiza ta juya za ta jefar, na miƙa hannu.

"Ba ni, kayan aikina na."

Ko a ranar ban faɗa ba. Na ce a raina ta tafi, faɗar ba za ta amfane ta da komai ba. Sai a watan jiya Walida, 'yar Bello da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan garin, wadda aka sa wa sunan kakarta, ta shigo falo tana jijjiga wayarta da ta ƙi kawo wuta. Ta dube ni tana dariya.

"Kaka, hala Inna ta yi mata riga?"

Na tambaye ta ko ta san mafarin maganar. Ta ce a'a, ta dai ji wai Inna ce ta taɓa kashe talabijin da ƙauyanci. A nan na gane cewa in na mutu da bakina a rufe, abin da zai rage na Asma'u a wurin waɗanda ba su san ta ba ke nan, wata tsohuwa mara wayo da ta lulluɓe inji da ulu. Washegari na sayo littafin da nake wannan rubutu a ciki.

Tsohuwar talabijin tana ɗakina yanzu, kuma tana aiki, sai dai launinta ya ɗan karkata zuwa kore. Na mayar mata da rigarta. Kafin in kunna sai na tuɓe na ninke na ɗora a hannun kujera, in na kashe in dafa in ji ta huce, yadda mai ita ta koya wa matan Nasarawa. Notin yana cikin murfin kwano a kanta, duk wanda ya zo ya ce in nuna masa. Hadiza, rigar filasmar tana wurinki, ki fito da ita ki nuna wa 'ya'yanki aikin kakarsu, ki kuma bi gidajen layinmu ki gaya wa matan da suka rage abin da kika karanta a nan.

Ba na cewa ku rage dariya a gidan nan, mahaifiyarku mai son dariya ce. Suna kawai za ku canza. Daga yau duk abin da ya lalace a hannun ɗayanku, ku ce, "Hala Baba ya buɗe shi?" Ku faɗa a gabana tun ina da rai, kada ku ji nauyi. Zan amsa muku da abin da ya kamata ya fito daga bakina ranar Sallar nan: awo, laihina na.